SALLAR NOWEL A BAƘUNCI

Idan watan Disamba ya kama, an gama kai amfanin gona rumbu, ɗari ya sauko, hazo ya rufe gari, sai ranakun hutu su jero a ƙasar Nijar. Akwai ranar 18 ga wata, ranar tunawa da kafa Jamhuriya a shekara ta 1958. Akwai ranar 25, watau ranar Nowel, wadda maƙwabta na Nijeriya ke kira Kirsimeti. Sa'an nan ga ranar 1 ga Janairu, mafarin sabuwar shekara.

Ga galibin jama'a, ranar 25 ga Disamba rana ce ta hutu kawai: ma'aikatu a rufe, yara ba su zuwa makaranta, magidanci ya samu sukunin zaga danginsa. Amma a waɗansu gidaje na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso, Agadas da Arlit, wannan rana ita ce babbar sallar shekara. Da yawa cikin masu waɗannan gidaje kuwa baƙi ne, sun baro iyaye da kakanni a Benin, Togo, Burkina Faso, Gana, kudancin Nijeriya ko wata ƙasa da ta fi waɗannan nisa.

Salla, kowa ya sani, da dangi ake yin ta. Duk wanda sallar layya ta taɓa riska a garin da ba shi da kowa, ya san yadda nama ke rasa daɗi a baki. To, ƙaƙa iyalin da ke nesa da gida suke yi har sallarsu ta yi armashi? Me suke riƙewa cikin al'adun ƙasarsu, me suke sakewa, kuma mene ne rabon maƙwabta a ciki?

SU WANE NE BAƘIN?

Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun zarce miliyan 17, Kiristoci kuwa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A cikinsu akwai ƴan ƙasa haifaffu: Hausawan Tsibiri, Maraɗi da Dogondutsi, Gurmawan wajen Makalondi, da mutanen Dolbel a yammacin ƙasa. Waɗannan a gida suke sallarsu. Sauran kuwa aiki ne, ko fatauci, ko neman ilimi ya kawo su.

Zuwansu ba na yau ba ne. A zamanin mulkin mallaka makarantun boko sun riga kafuwa a ƙasashen bakin teku, saboda haka Turawan Faransa suka riƙa ɗauko akawuna, malaman makaranta, ma'aikatan gidan waya da na gidan likita daga Togo da Dahome, wadda aka sake wa suna Benin a 1975. Mafi yawansu Kiristoci ne. Mishan ɗin Katolika ta farko an kafa ta a Yamai a 1931, kuma ma'aikatan nan na kudu suna cikin waɗanda suka fara cika majami'arta. Ƴan mishan na SIM kuwa sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda likitoci daga ƙasashe dabam dabam suka yi ta zama da iyalansu. Da aka soma haƙar uraniyom a Arlit a 1971, sai wani ayari na masu sana'a ya biyo baya.

A yau ana samun baƙin nan cikin magina, teloli, makitsa, masu gyaran mota, masu dafa abinci da malaman makarantu masu zaman kansu. Waɗansu jikoki ne na ma'aikatan farko, an haife su nan, Hausa ko Zabarmanci ya fi zama a bakinsu bisa harshen kakanninsu. Duk da haka, idan aka ce “gida”, hankalin iyali yakan koma ga wani ƙauye na kudu inda kabarin kakanni yake.

ASALIN SALLAR

Nowel buki ne na tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryamu. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bukin ranar 25 ga Disamba na birnin Rum ne, a shekara ta 336. Kiristocin Masar da na Habasha kuwa ranar 7 ga Janairu suke nasu, domin lissafin kwanan watansu dabam ne.

Labarin haihuwar kansa labarin matafiya ne. A Linjilar Luka, sarkin Rum ya ba da umurnin a ƙidaya jama'a, Yusufu da Maryamu suka tashi daga Nazarat zuwa Baitalami. Ba su samu wuri a masauki ba, aka haifi jinjirin aka kwantar da shi inda ake zuba wa dabbobi abinci, makiyaya ne suka fara zuwa barka. Linjilar Matiyu ta ƙara da cewa daga baya iyalin sun yi gudun hijira zuwa Masar. A cikin Alƙur'ani ma, Suratu Maryam ta ba da labarin yadda Maryamu ta keɓe daga mutanenta zuwa wuri mai nisa, naƙuda ta kama ta a gindin dabino. Ko ta wace fuska aka duba, haihuwa ce da ta auku nesa da gida da dangi. Shi ya sa magini ɗan Togo da ke zaune gidan haya a Tawa, idan ana karanta labarin, yakan ji kamar da shi ake.

A TAFI KO A ZAUNA?

Tun watan Nuwamba ake fara wannan shawara a cikin gida. Ga ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Maraɗi ko Damagaram, zuwa gida lokacin Kirsimeti kusan wajibi ne, domin a lokacin ne ake ɗaurin aure da taron dangi a ƙauyukansu. Sai a ga shago a kulle mako biyu ko uku.

Ga mutumin Benin ko Togo lissafin ya fi wuya. Daga Yamai zuwa Kwatano an zarce kilomita 1,000, daga Damagaram kuwa an zarce 1,500. A da, akan shiga mota zuwa Gaya, a ƙetare gada zuwa Malanbil, a gangara Faraku, sa'an nan a hau jirgin ƙasa a yi kilomita 438 zuwa bakin teku. Daga baya jirgin fasinja ya tsaya, manyan motocin sufuri suka maye gurbinsa. Kuɗin motar mutum biyar ko shida, zuwa da dawowa, tare da tsarabar da ba a iya shiga gida sai da ita, yana iya cinye abin da magidanci ya tara a watanni. Don haka iyalai da yawa karɓa-karɓa suke yi: bana uwa da ƙananan yara, baɗi uba da babban ɗa. Waɗansu sai an haɗa shekara uku ko huɗu.

Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakokinta da Nijar. Ta ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga wajen Nijar, bisa dalilan tsaro da hukuma ta bayar. Sallar Nowel ta 2023 da ta 2024 duk sun riski gadar a rufe. Matafiya suka koma sauka daga mota su hau jirgin ruwa na katako su ƙetare kogi, su sake neman wata motar a ƙetare. Mai tsohuwa ko jinjiri ba kullum yake iya wannan wahala ba. Iyalai da dama suka haƙura suka zauna, ko da yake zaman bai hana su salla ba.

TELA DA KASUWA

Shirin salla daga wurin tela yake farawa. Uwar gida takan sayi turmin atamfa iri ɗaya a ɗinka wa kowa, daga uba har auta, domin a shiga majami'a a san gida ɗaya aka fito. Abin dariya, da yawa cikin telolin su ma baƙi ne masu shirin wannan salla. Sukan kwana bisa keke suna ɗinkin mutane, kayan ƴaƴansu su zama na ƙarshe. Mata kuwa tun farkon shekara sukan shiga adashi, a raba a watan Disamba, don kada hidima ta faɗo bisa albashin wata ɗaya.

Bayan tufafi sai tukunya, kuma a nan ne kewar gida ta fi bayyana. Mutumin kudancin Benin sallarsa ba ta cika sai da amiwo, watau tuwon masara da ake tuƙawa cikin romon kaza da tumatir har ya yi ja. A Togo akwai irinsa, suna ce masa jenkume. Akwai akasa, wadda ta yi kama da kafa, da ablo, wainar da ake dafawa da tururi. Mutanen Togo da na Gana suna son sakwara da romon akuya mai yaji. Ibo da Yarabawa shinkafa dafa-duka da kaza, ko miyar agushi. Mutumin Kodibuwar da acekensa na rogo. Doya, manja, garin rogo da busasshen jatan lande duka daga kudu suke zuwa, kuma da hanyar Benin ta toshe sun ƙara tsada.

Amma ƙasar baƙunci ita ma tana da nata kyauta, domin Disamba lokacin lambu ne. Ga tumatir, salati, kabeji da karas sababbin tsinka. Ga albasar Galmi, ga dankalin Turawa na Bonkuku, ga lemun Timiya daga duwatsun Ayar, ga giwan ruwa daga kogi. Inda kaza ta yi tsada sai zabo ya tsaya mata, kuma mata da yawa da suka saba da shi ba su ƙara komawa ga kaza ba. Gidan da ya daɗe a Maraɗi ko Damagaram, a ranar Nowel akan ga amiwo gefe guda, dambu da kilishi gefe guda, ga zoɓo da lemun citta cikin kwalabe. Yaran gidan ba su san wanne ne na baƙi wanne ne na ƴan gari ba. Duka abincin salla ne a wurinsu.

RABON YARA

Iyaye sun fi damuwa da yara, domin yaron da aka haifa a baƙunci ba ya ganin bukin a titi kamar yadda ubansa ya gani. A Kwatano, Wida da Fotonobo, idan Nowel ta gabato, samari ƙanana sukan rufe fuska da dodon kwali ko na ƙyalle, su bi gida gida suna kaɗa gwangwani da kwalabe, mai dodon yana rawa ba ya magana, ana ba su ƴan kuɗi. Sunan wasan kaleta, kuma ƴantattun bayi da suka komo daga Barazil cikin ƙarni na 19 ne suka zo da shi. Uban da ke ba ɗansa wannan labari a Damagaram ba ya shan wahalar bayani. Da ya fara, yaron zai ce ai wannan tashe ne, domin shi tashen watan azumi ya sani, watakila ma ya sha bin abokansa.

Akwai al'adar da ba ta bukatar taron gari, ita ce ta gina ɗan ɗakin haihuwa, wanda ake kira kirash da Faransanci. Asalinta daga Italiya ne, inda Faransis na Asisi ya shirya irinta a ƙauyen Girecco a 1223. A Wagadugu yara sun mai da ita gasar gwaninta: sukan kwaɓa laka su gina ƙaramin ɗaki a ƙofar gida, su shafe shi da farar ƙasa da launi. Kayan aikin kuwa ba su da wuya a Nijar. Laka, karan dawa da ciyawa sun isa, tumaki da jakin da za a ƙera kuma ga su nan suna yawo a unguwa, ba sai an duba hoto ba. Iyalan Labanan Kiristoci sukan ƙara da tasu: tun farkon wata su shuka alkama bisa auduga mai laima, ta tsiro kore shar a ƙawata ɗakin da ita, kuma su dama megli, wani kunun garin shinkafa mai kirfa da ake yi idan an samu haihuwa.

Itacen Nowel kuwa, wanda ake rataya wa fitilu, daga ƙasashen sanyi ya fito. Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa a kansa na garin Selesta ne, a yankin Alzas, a 1521. Irin wannan itace ba ya tsirowa a Sahil. Mai hali yakan sayi na roba a kanti. Wanda ba shi da hali ya sari busasshen reshe, ya kafa cikin gwangwani da yashi, yara su naɗe shi da auduga da takarda mai walƙiya. Murnar yaran ba ta raguwa don haka.

DAREN 24 DA RANAR 25

Daren 24 ga wata ne zuciyar bukin. A al'ada da tsakar dare ake babbar addu'a, ko da yake a wurare da dama ana matso da ita farkon dare saboda tsaro. A babbar majami'ar Katolika ta Yamai, da ta Maraɗi wadda ta zama mazaunin bishop a 2001, da majami'un ƴan bishara na unguwanni, jama'a sukan zo da rigunan sanyi bisa sababbin kaya. Ana karatu da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci. Littafi Mai Tsarki dai an buga shi cikakke da Hausa tun 1932. Ƙungiyoyin mawaƙa sukan karɓi juna, waɗannan da Fon ko Mina, waɗancan da Mosanci ko Gurmanci, matan zumunta kuma da Hausa. Tsohuwar da ta shekara ba ta ji waƙa da harshen uwarta cikin taro ba, a wannan dare take ji, kuma ba abin mamaki ba ne a ga tana share hawaye.

Bayan an tashi, sai a koma gida a ci abincin dare tare. A nan ne ake ganin yadda baƙunci ke ƙera dangi. Kusan kowace ƙasa tana da ƙungiyar ƴan asalinta, har akwai ta ƴan gari ɗaya. Su ne ke tsayawa idan an yi rasuwa ko haihuwa, kuma su ne ke duba kada wani ya yi salla shi kaɗai. Gwauro mai aikin gini, da yarinyar da ke aikatau, da ɗaliban ƙasashen Afirka da ke karatu a jami'ar Abdu Mumuni, ko cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, ko makarantar EAMAC ta harkar jiragen sama, duk akan raba su gidaje. Dattijon da ya fi daɗewa a gari shi ke zama uba, matarsa ta zama uwa, yara su tashi suna kiran mutanen da ba su haɗa jini da su ba kawu da gwaggo.

A da, gaisuwar salla takarda ce da ake aikawa ta gidan waya tun farkon wata, wani lokaci ba ta isa sai bayan sabuwar shekara. Yanzu da safiyar 25 ake kiran gida ta WhatsApp, kaka ta ga jikokinta cikin sababbin kaya, ta tambayi ko an karɓi saƙon da ta ba direba, a tambaye ta ko kuɗin da aka aika sun iso. Da la'asar a Yamai, iyalai da yawa sukan kai yara gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, su ga zaki da dorina, kamar dai yadda yaran Musulmi ke cika wurin ranar salla.

KWANON MAƘWABCI

Duk abin da aka faɗa a sama cikin gida da majami'a yake ƙarewa. Abin da ke fitar da bukin zuwa unguwa shi ne kwano. Wanda ya zauna a Nijar ya san yadda ake layya: a gasa raguna a tsaye bisa itatuwa kewaye da wuta, kashegari yara su bi gidaje da rabo. Gidan baƙo Kirista ba a tsallake shi. Wata uwar gida ƴar Benin takan tara naman da ya fi na mai rago ɗaya, domin daga ko'ina ake aiko mata. To, ranar Nowel ce ranar ramuwa. Tun da hantsi ake ganin yara ɗauke da kwanonin shinkafa da nama, da cincin da gato, suna sallama a ƙofofin maƙwabta.

Akwai ladabi a cikin wannan al'ada, kuma baƙin da suka daɗe sun san shi. Mai gida yakan sayi nama wurin mahauci Musulmi, ko ya kira maƙwabcinsa ya yanka masa akuya da kaji, don kowa ya ci hankali kwance. Abin da addinin maƙwabci ya hana ba ya shiga tukunyar rabo. Mai shan abin sha yakan tsaya cikin gidansa, kuma a rage ƙarar kiɗa idan an kira salla. Maƙwabci shi ma yana da nasa: ya karɓi kwano da godiya, ya ba ɗan aike tukuici, ya ara wa mai buki tabarmi da kujeru da babbar tukunya, da maraice ya leƙo ya ce barka da salla. Ba wanda ya bar addininsa don wannan. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma addinan biyu duka sun yi horo da shi.

Wani lokaci ma bukukuwan sukan haɗu, tun da watannin Musulunci suna zagayawa. A 2006 da 2007 sallar layya ta faɗo cikin rabin ƙarshe na Disamba, kwanoni suka yi ta gilmayya a hanya, wannan na tafiya wancan na dawowa.

SHEKARU BIYU MASU ƊACI

Wannan zama bai kasance kullum lami lafiya ba, kuma ya kamata a tuna. A watan Disamba na 1963, dangantaka ta ɓaci tsakanin Nijar da Dahome, batun tsibirin Lete na cikin dalilai. Gwamnatin Jori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, dubban mutane suka ɗaure kaya daidai lokacin da ya kamata su yi shirin salla. Cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna koyar da yara ko jinyar marasa lafiya, ba su san komi ba game da tsibirin. Ƙasashen biyu sun sasanta a 1965, maganar Lete kuwa sai ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta yanke ta, ta ba Nijar tsibirin. Abin da shari'a ta warware cikin lumana, iyalai ne suka fara biyan kuɗinsa shekara 42 kafin nan.

Na biyu shi ne na ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, mako uku bayan Nowel. Zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma, da farko a Damagaram, kashegari a Yamai. Mutum 10 suka rasu. Ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a babban birni. A Damagaram Kiristoci da yawa suka fake a barikin soja. Waɗanda abin ya faɗa wa ba su da hannu ko kaɗan cikin abin da aka buga a Faris. Hukuma ta sa kwana uku na zaman makoki, malaman addinin Musulunci suka fito a talabijin suna kira a kwantar da hankali. Kuma a cikin unguwanni an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa. Wanda ya buɗe ƙofa a wannan rana, ya buɗe wa mutumin da ya sani ne, wanda suka daɗe suna gaisawa da musanyar kwano. A ƙarshen wannan shekara ta 2015 Mauludi da Nowel suka faɗo mako guda, waɗansu Kiristoci suka yi addu'arsu cikin majami'un da ba a gama gyarawa ba.

KOWA BAƘO NE A WANI WURI

Motar da ke kai tela ɗan Togo gida a watan Disamba, ita ce ke ɗauke da samarin Tawa da Filinge masu tafiya ci-rani. Ƴan Nijar suna nan birjik a zangon Kumasi da Akara, a Lome da Abijan da Kwatano, suna fataucin albasa, dabbobi da tufafi. A can suke azumi, a can da yawa suke layya, a tsakiyar maƙwabta waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Suna bukatar wurin yin idi, da mai gidan haya da zai bar su su ɗaure rago, da maƙwabcin da zai ce musu barka. Abin da ake so a yi wa ɗan Nijar a Lome, shi ne ɗan Lome ke jira a Maraɗi.

Saboda haka akwai rabon kowa. Na ma'aikacin hukuma shi ne ya tabbatar da tsaro a wuraren ibada a waɗannan ranaku, kuma kada a mai da duba takardun matafiya hanyar tatsar su. Na mai unguwa shi ne ya san baƙin da ke hannunsa tun kafin wata matsala ta taso. Na malamin makaranta shi ne ya hana yara yi wa ɗan baƙo ba'a saboda sunansa ko addininsa. Na baƙo shi ne ya kiyaye dokar ƙasa da al'adar mutanen da ya tarar. Na maƙwabci kuwa shi ne mafi sauƙi, tun da Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take: taku goma ne daga ƙofa zuwa ƙofa.

Ga dukan iyalan da wannan salla ta riska nesa da gida, barka da salla. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya maimaita ta cikin kwanciyar hankali.